Safunan da Baba Bakri ke tsaro

Duk wanda takalminsa ya taɓa ɓallewa a unguwar Ma'adi ya san shagon Baba Bakri. Bahaushen Sudan ne, ya zo Alƙahira tun yana da ƙuruciya, ya zauna da basilla da zare har furfura ta rufe shi. Ni Lawal nake, karatun addini ya kawo ni daga Gusau, kuma Hausar da na ji yana zage-zage da ita a kan wani taurin fata ce ta fara tsayar da ni a ƙofarsa.

Shagon ɗan ƙarami ne, amma rabinsa ba takalma ba ne. Safar hannu ce ta fata, irin wadda Amurkawa ke cafe ƙwallo da ita a wasansu na besbol, a rataye jere-jere har rufi. Turawan unguwar ne ke kawo masa ya ɗinke, sai aiki ya mayar da su gida, su manta. Akwai tsofaffin ƙwallaye masu jan zare, da hula mai harafi ɗaya, da wani ɗan mutum-mutumi mai rangaji da kai wanda Baba ke kifewa in zai yi salla.

Bai taɓa kallon wasan ba, bai kuma damu ba. Shekara da shekaru yana faɗa da Amurkawa a bayan idonsu: wane irin sakarci ne mutum ya kawo ta hagu ya bar ta dama a gida? An sha gaya masa ɗaya ake sawa, ya ce zancen banza. Ranar da wani bahago ya kawo ta hannun dama, shayi ya saya wa maƙwabta.

Ya san mai kowace ɗaya. Wannan ta dogon malamin nan ce mai tsoron kyanwa, waccan ta yarinyar da ta yi kuka da aka huda fatar. Duk Juma'a yakan sauke su ya shafa musu mai. Ina son tsohon nan, ba na ɓoyewa.

Ɗansa Mazin kuwa ya gaji. Wani dillalin tsofaffin kaya ya yi tayin kwashe safunan duka, shagon kuma yana bukatar wuri don keken ɗinki. Baba ya ce amana ce, ba a sayar da amana. Shi ne Mazin ya kama ni a hanya.

"Kai ne mai karatu, ya Lawal. Gaya masa hukunci, khalas, shi ke nan mu huta."

Ni kuma da ɗokin sabon malami na je na zauna, na gyara murya. Na ce iya abin da na karanta, kayan da aka yi cigiyar mai su har aka gaji, babu laifi a kansa in ya amfana da su. Na zaci sauke masa nauyi nake yi.

Ya ajiye basillar, ya dubi safunan da ke rataye.

"Wato yanzu nawa ne?"

"Naka ne, Baba."

"To in nawa ne, ke nan babu mai dawowa."

Sai a lokacin na tuna mutumin nan ya raka mutane filin jirgi fiye da yadda ya tarbo, har da ƙannensa biyu. Kunya ta kama ni. Mazin na bakin ƙofa yana yi mini alama da ido in ƙarasa.

Na ce, "Amma fa, Baba, malamai sun yi saɓani."

"Tamam," in ji shi. "Ni ina bin waɗancan. Miƙo min man can."