Sauƙin Alhaji

A shekarun casa'in muna zaune a Bron, kusa da Lyon. Marigayi maigidana yana koyon gyaran ƙashi da gaɓoɓi da hannu, da niyyar komawa ƙauyensu inda babu likita. Jarrabawa ta matso bai samu wanda zai gwada hannunsa a kansa ba, sai wani Alhaji maƙwabcinmu mai ciwon baya ya yarda.

Duk inda ya danna, sai Alhaji ya cije leɓe ya ce, "Da sauƙi."

Maigidana ya ce, "Baba, wannan sauƙin naka zai kayar da ni jarrabawa."

Alhaji ya yi dariya har ciwon bayan ya motsa. Ya kamo hannunsa ya ɗora a ƙugu.

"To, nan ne, ɗana. Amma kada Hajiya ta ji."