Gyaɗar Gida da Gyaɗar Kasuwa

A cikin takardar da nake jera ayyukana, wadda muke miƙa wa jami'a idan ana neman ƙarin girma, akwai wata muƙala a shafi na biyu da ba na son idona ya sauka a kanta. Ita aka fi yabawa. Ita ta sa aka gayyace ni taro, aka tafa mini, na dawo ina jin kaina. Har yau idan na gan ta sai haushi ya kama ni, kuma ban gama yanke wa zan fi jin haushi ba, ni ko mahaifiyata.

Aikina binciken guba ne a cikin abinci. Ba irin wadda maƙiyi ke zubawa ba, wadda abincin ke haifarwa da kansa. Gyaɗa idan ta sha fari a gona, ko aka ajiye ta da danshi, takan yi fumfuna, fumfunar kuma ta bar wata guba da muke kira afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Ba ta kayar da mutum nan take. A hankali take cin hanta, kuma tana tsumburar da yara. Ni nawa shi ne in auna yawanta a abinci, in auna abin da mutum ke ci, in faɗi haɗarin da yake ciki.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kunci, inda gona ke manne da gona, ba filin da za a ce na banza ne. Inna, mahaifiyata, tana noman gyaɗa a gayaunarta tun kafin a haife ni, kuma bayan rasuwar Baba gyaɗar nan ce ta riƙe gidan. A shekarun da nake magana ruwa ya riƙa ɗaukewa tun gyaɗa ba ta ƙosa ba, taki ya gagari talaka, kwanon hatsi ya zama abin da ake tambayar kuɗinsa a juya a tafi. Irin shekarun da gubar nan ke so ke nan. Sai na ga bai kamata in riƙa yi wa baƙi bayani a ɗakin taro ba, alhali gidanmu ba wanda ya sani.

Na je gida, na sa Inna ta tara matan unguwa a tsakar gidanmu. Na baza gyaɗa a faifai, na nuna musu wadda ta motse, da mai baƙi-baƙi, da wadda ƙwaro ya huda, da wadda ta yi kore a ciki. Na ce akasarin gubar a cikin irin waɗannan take taruwa. Na ce, “Ku tsince su ɗaya bayan ɗaya, ku ware su daban.” Suka yi ta gyaɗa kai. Inna tana gefe baki har kunne, 'yarta Dakta tana koyar da mata. Na koma Kano ina ganin na sauke nauyi.

Suka kuwa ware. Matan ƙauyenmu ba a koya musu aiki sau biyu, balle da suka ga tsintacciyar gyaɗa ta fi daraja a kasuwa. Kaka biyu ina zuwa kasuwar Kunci da ta Shanono ina sayen kwano-kwano ina kaiwa ɗakin gwaji, na ga gubar tana raguwa a gyaɗar da ke fitowa daga wajenmu. Na zauna na rubuta cewa tsinta tana aiki, haɗari ya ragu ga masu ci. Muƙalar shafi na biyu ke nan.

Ana nan lokacin yaye 'yata ya zo. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, ko a rubuce. Kamar yadda ake yi a wajenmu, Inna ta zo Kano da kanta ta goya ta, ta kafa mini doka: kada in kuskura in leƙo sai yarinya ta manta da nono. Na haɗa musu shinkafa da sukari da madara da sabulu. Gyaɗa ce kawai ban saka ba, don ban ga dalilin kai gyaɗa gidan mai nomanta ba.

Sati shida na daure. Ranar da na je, na isa da hantsi, na tarar da su a inuwar darbejiya, Inna a kan tabarma, yarinyar a cinyarta tana shan kunun gyaɗa da ƙaramin ludayi. Ta kalle ni ta kawar da kai, ko a jikinta.

Inna ta ce, “Kin gani ko? Ƙawata ta manta da ke. Safe, rana, yamma, kunun nan take sha. Tuwo ma sai na yi da gaske.”

Na ji daɗi, wallahi. Na ɗauki ragowar kunun na kurɓa. Sai na ji wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe, da ɗan warin ɗaki mai danshi. Abin da ya fara zuwa mini shi ne yarinta, domin haka kunun gidanmu yake tun ina ƙarama. Sai daga baya ilimin nawa ya farka.

Na ce, “Inna, ina gyaɗar da kike kunun nan da ita?”

Ta nuna ɗaki da baki. Na shiga. Ga buhu biyu a jingine, an ɗinke bakinsu tsaf. Na zura yatsa ta wata 'yar kafa na ciro: jajaye, ƙosassu, kamar a sa a hoto. A gefensu kuma ga wata babbar ƙwarya an rufe da faifai. Na ɗaga faifan. Duk abin da na nuna wa mata shekara biyu da suka wuce yana ciki, motsattsiya, da baƙa, da hudajjiya, ba ko ɗaya mai kyau da za ta raba su.

Na fito da ƙwaryar. “Inna, wannan fa?”

“Ta gida ce.”

“Ta gida kamar yaya?”

“Ta gida mana. Waccan ta kasuwa, wannan ta gida. Ba ke kika ce a ware ba?”

“Na ce a ware don a zubar!”

Ta ajiye ludayin, ta dube ni kamar na yi saɓo. “A zubar? Ba ki faɗa ba. Da kin faɗa ma da na ce karatu ya taɓa ki. A wannan shekarar za a zubar da abinci? Ke da wace aka yaye ki?”

Kamar in yi ihu. Na tsaya ina tuno ranar da na tara matan, ina bin maganata kalma kalma, ina neman inda na ce a zubar. Babu. Ban faɗa ba, saboda a kaina abin a fili yake. Ni da na girma a gidan nan, na manta cewa a wajenmu mai kyau ita ke fita, wadda ba za ta sayu ba ita ke shiga tukunya. Da can ma haka ake yi, sai dai tsintar sama-sama ce, gyaɗar gida kan fito a gauraye. Ni na zo na koya musu su tace ta sosai. Na tsabtace kasuwa, na tattara gubar wuri ɗaya, na aika 'yata ta sha sati shida.

Na ce za a binne. Nan muka shiga abin da har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Inna ta ce a ba awaki. Na ce gubar tana fitowa a nono. Ta ce to kaji. Na ce a'a. Ta ce a yi ƙuli-ƙuli, ai wuta za ta ci ta. Na ce ba ta ci. Ta ce to a bayar sadaka, akwai gidajen da ko wannan ba su da ita. Na ce, “Inna, sadakar guba?” Ta ce, “Ke dai kin ƙoshi ne.” Wannan ta shige ni, domin gaskiya ce, kuma ba ta canja komai ba.

Na ɗebi kaɗan a leda don gwaji, na ɗauki fartanya na zaga bayan gida na haƙa rami, na juye ƙwaryar, na mayar da ƙasa na tattake. Inna tana tsaye da yarinyar a goye tana salati, tana cewa Allah ya gani ba da hannunta ba. Na dawo na ɗauki wuƙa na farke bakin buhun kasuwa. A nan ne ta ɗaga murya.

“Wannan ta sayarwa ce!”

Na ce, “Yau ta gida ce.”

Daga baya na gwada abin da na ɗebo. Ba zan faɗi abin da na'ura ta nuna ba, na dai sake gwajin don ban yarda ba, ya sake fitowa haka. Na kai yarinyar asibiti, likita ya duba ya ce bai ga komai ba, a dai riƙa lura da girmanta. Tana nan lafiya, amma ita ce mafi ƙanƙantar jiki a ajinsu, kuma ba wanda zai iya gaya mini ko haka Allah ya yi ta, ko kunun ne. Na koma ƙauye na sake tara mata, wasu suka ji, wasu suka yi mini kallon da Inna ta yi. Na rubuta wata muƙalar na ce duk wanda ya auna gyaɗar kasuwa kawai bai auna abin da manomi ke ci ba. Tana shafi na uku, ba a cika tambayata game da ita ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne la'asar ɗin ranar. Na soya gyaɗar buhun sama-sama, na murje, na kai inji aka markaɗa, na dama kunu da hannuna, da shinkafa da tsamiya kamar yadda Inna ta koya mini. Ya fito fari tas. Yarinyar ta sha ta miƙo ludayi a ƙara. Na zuba wa Inna a kofi na ajiye a gabanta. Ta yi kamar ba ta gani ba, tana ta mita a kan buhun da na ɓata mata. Can da na juya baya sai na ji ta kurɓa. Ta sake kurɓa.

Ta ce, “Me kika sa a ciki?”

“Ba komai. Gyaɗarki ce.”

“Ba ɗaci.”

“Ai gyaɗa ba ta da ɗaci, Inna.”

Ta daɗe tana kallon cikin kofin. Na shirya za ta ce an yi asara, na ma tanadi amsa. Sai ta ce, a hankali, ba da ni take ba:

“Tun ina amarya nake nomanta. Ashe ban taɓa shan ta ba.”