Maƙwabciyata da ta hana ni baƙunta

Shekarun farko da muka zauna a garin Largo, a ƙasar waje, sai in wuni ban gaisa da kowa ba. Maigida yana wurin aikinsa a asibiti, yara suna makaranta, in sun dawo ma da Turanci suke amsa mini. Abin da na fi kewa daga Kano shi ne doguwar gaisuwa, a tambayi gajiya, a tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya.

Gidan da ke manne da namu akwai wata tsohuwa 'yar Hong Kong, tana zaune wurin ɗanta. Turancinta bai fi nawa ba. Wata rana ta miƙo mini kwanon kifi ta saman shinge. Na ƙi karɓa, don kunya da kuma tsoron naman alade. Ta nuna kifin, ta nuna citta, ta tura mini kwanon a ƙirji.

"M sai hak hei," in ji ta.

Surukarta ce ta fassara mini daga baya. A yarensu na Kanton, wai kada ki yi halin baƙo. Ana faɗa wa wanda yake noƙewa a gaban abinci, ko wanda godiyarsa ta yi yawa.

Daga nan kusan kullum sai na ji maganar. In na tsaya a ƙofa ina sallama, ta faɗa. In na rusuna na ce, "Mama, ina kwana, ya ƙafar?" sai ta kaɗa hannu ta jawo mini kujera. Da farko abin ya sosa mini rai. Ga tsohuwa na samu, amma ta hana ni gaishe ta. A hankali na saba. Mukan zauna a kicin ɗinta muna gyaran ganye. Na kai mata miyar kuka, ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska, ta mayar mini da kwanona. Ban ji haushi ba.

Da ɗanta ya samu aiki a wata jiha, na shirya mata turare da atamfa, na tanadi kalaman ban kwana da neman gafara irin namu. Ranar tafiyar na kai yara makaranta, na dawo na tarar motarsu ta tashi. Tukwanen da take shuka ganye a ciki ta jera mini a bakin ƙofa.

Atamfar ta daɗe a cikin akwati kafin na ba wata.