Bube Masinja da Kwamitin Zaɓen Manhaja

Duk wanda ya zauna tsakanin Bodinga da Shagari ya sani, in ka ga dattijo da babban yatsa shuɗi, to Bube Masinja ya kai masa saƙo. Bube ba ya miƙa maka takarda, ba ya faɗa maka magana, sai ka dangwala yatsa a littafinsa. Ko ka iya rubutu ko ba ka iya ba, wannan kai ta shafa. Wani malamin makaranta ya taɓa zaro biro zai sa hannu, Bube ya riƙe masa hannun riga.

"Malam, aje biro. Sa hannu kowa na iya cewa ba nashi ba na. Yatsa kuwa Allah Yab ba ka, ba ka musunta shi."

Matarsa Hajo ma ba ta tsira ba. Ya je Dingyadi, mahaifiyarta ta ce a gaishe ta. Ya dawo ya tarar da ita tana dama ƙullu, ya buɗe littafi ya tsaya a kanta.

"Haba Malam, hannuna na cikin ƙullu!"

"To dangwala da ƙullun. Inna na iya tambayata."

Kada wani ya ce na yi wa mamaci rashin kunya. Ni taubashinsa ne, kuma yana raye na faɗa masa abin da ya fi wannan, ya rama da wanda ya fi nawa zafi. Ban da haka ni ne sakataren ƙungiyarmu ta masu albasa, inda ya yi masinja tun ina tallen gyaɗa, saboda haka duk tsiyar da ya shuka a ofis ni na girbe ta.

An ɗauke shi aiki zamanin jamhuriya ta biyu, lokacin da aka kafa ƙungiyar. Aka ba shi keke da kakin rawaya. Bai daɗe ba aka shiga tsuke bakin aljihu, sabulu da madara sai an bi layi, takarda ta gagari ofis. Wannan zamani ya wuce ga kowa, amma ga Bube bai taɓa wucewa ba. Ambulan ɗaya sai ya ɓare shi, ya juya cikinsa waje, ya manne da ƙaro, ya sake aika shi, har sai ya yi laushi kamar tsumma. Tawada in ta bushe ya tsoma mata ruwan zoɓo. Da ƙyar aka raba shi da keke aka ba shi babur, shi ma a gangara kashe shi yake yi wai kada mai ya ƙone a banza.

Abin da ya jawo maganar manhaja kuwa albasa ce. Wata mota ta zo daga kudu ta tsaya a Shagari tana jiran kaya, aka aiki Bube ya sanar da mutane su fito da nasu. Ya tsaya Dingyadi gaisuwar wani da akuyarsa ta haihu, daga nan aka kawo fura, daga fura aka kira Azahar. Kafin labari ya gama zagayawa direba ya gaji ya loda na wasu ya tafi. Albasarmu ta kwana uku a rana, ta fara tsiro. Ciyaman ɗinmu, Alhaji Garba, ya tara mu ya ce abin ya isa. Kowa yana da waya a aljihu, a nemo manhajar da za ta haɗa ofis da masu sito da direbobi da manoma wuri guda.

Kowa ya san abin da wannan ke nufi, Bube ma ya sani: ranar da manhaja ta shigo, aikin masinja ya mutu. Alhaji Garba, da wayonsa na 'yan siyasa, ya ce a ba Bube shugabancin kwamitin zaɓen, wai in da hannunsa a ciki ba zai yi mana ƙafar ungulu ba. Na ce, "Ranka shi daɗe, kura kab ba ajiyar nama." Ya ce in yi shiru, ni yaro ne. Shekarata arba'in da biyar a lokacin!

Na farkon da ya zo tallar hajarsa wani ɗan kwangila ne daga Sakkwato, da kwamfuta da ƙamshin turare. Manhajarsa tana da ɗaki-ɗaki: ɗakin sito, ɗakin mota, ɗakin taki, da kalanda mai tuna wa mutum aikinsa. Komai da Turanci. Ya yi bayani har bakinsa ya bushe, Bube yana sakace.

"Ɗan samari, ka ƙare? To abin ga naka, ya san Mode da Sambo?"

Yaron ya ce ko su wane ne ana iya sa sunansu a ciki.

"Ban ce suna ba. Ya san ba su magana?"

Alhaji Mode da Malam Sambo wa da ƙane ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mode a Bodinga, Sambo shi ke riƙe da sitonmu na Kajiji. Shekara sha ɗaya ba sa ga maciji a kan iyakar wata fadama da ko rago zai nome ta kafin hantsi. Amma aiki ya haɗa su, dole saƙo ya riƙa wucewa tsakaninsu, kuma Bube ne ke ɗauka. Yaron ya ce wannan ai ba matsalar manhaja ba ce. Bube ya ce to a gwada.

Aka gwada. Kwana biyu kawai ta yi! Da ma manhajar tana ɗaukar murya, Mode ya danna ya ce a faɗa wa ɓarawon fadamar nan na Kajiji ya buɗe sito da wuri. Sambo ya ji da kunnensa, mutum sittin suka ji tare da shi. Amsar da ya bayar ba zan rubuta ta ba, don akwai yara masu karatu. Kafin La'asar dangi sun rabu gida biyu, direbobi suna ta tura hoton dariya.

Sai a ranar muka gano abin da Bube ya shekara sha ɗaya yana yi. In Mode ya ce "hwaɗa ma ɓarawon can", kafin babur ya kai Kajiji maganar ta zama "ɗan'uwanka na gaishe ka, shina roƙon ka buɗe sito". In Sambo ya zagi Mode, ta dawo "ya ce Allah Shi ƙara girma". Kowannensu ya daɗe yana jin daɗi wai ɗayan ya fara saukowa.

"Kun gani?" in ji Bube, yana kaɗa ƙafa. "Ni in anka ba ni magana, sai na wanke ta kahin in kai. Wagga kuwa da dattinta taka kai ta."

Ɗan kwangila ya naɗe wayoyinsa, ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ta biyu ni na kawo ta, mai taron ga-ni-ga-ka, wadda kowa zai ga fuskar kowa. Na yi ta kurantawa, na ce saƙo kafin ƙiftawar ido ya isa. Bube ya ce a daina cika baki, a yi tsere. Ni in aika wa Sambo saƙo daga ofis, shi kuma ya hau babur da saƙon a aljihu, a ga wanda zai riga. Aka yi ta dariya, har da masu cewa tsufa ya taɓa shi. Na danna da ƙarfe tara daidai, ya tayar da babur yana tura shi da ƙafa. Muka zauna jiran amsa. Goma shiru, sha ɗaya shiru. Bayan Azahar sai ga Bube ya shigo da ƙura har gira, ya shimfiɗa littafi a kan teburina, ga yatsan Sambo ɓaro-ɓaro.

"Bawana, ina naka ya kwana?"

Sai bayan mako guda na ji gaskiya daga bakin mai cajin waya na kasuwar Kajiji. Ashe tun ana gobe tsere Bube ya je ya ce wa Sambo wayarsa tana bukatar caji mai tsawo, ya karɓa da hannunsa ya kai shago, ya ce kada a bayar sai jibi. Na tare shi da maganar, ko kunya bai ji ba.

"To, in ni ɗaya na iya kashe ta da baki, wane irin abu na kaka son mu dogara da shi?"

Wallahi har yau haushin maganar nan bai sake ni ba. Haka kwamiti ya yi wata bakwai yana zama. Duk wadda aka kawo sai Bube ya samo mata aibu: wannan tana shan data, wannan ba ta hawa ƙaramar waya, wannan ba ta da sallama. Abin takaicin, rabin aibun gaskiya ne.

Ana cikin haka, tsakiyar damina, Alhaji Mode ya faɗi da safe a ƙofar gidansa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Aka sa jana'iza bayan Azahar. Na zaro waya zan kira Kajiji, Bube ya dafe hannuna.

"Ummaru, kana da hankali? Mutuwar wa ba a hwaɗa ma ƙane ga waya kamar kuɗin albasa. Ni za ni tahi. Na san yadda nika zamnar da shi kahin in hwaɗi."

Na mayar da wayar aljihu. Wannan laifina ne, ba na ɗora shi a kan kowa. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, hanyar Kajiji ta yanke, babur ya nutse a laka. Bube, da tsufansa, ya bar shi nan ya ƙarasa da ƙafa. Kafin shi da Sambo su samu motar da za ta zagayo da su, mun dawo daga maƙabarta, ana zaune ana karɓar gaisuwa.

Sambo ya sauko, rigarsa duk taɓo. Bai yi kuka ba, bai ɗaga murya ba. Ya dubi tabarmin da aka shimfiɗa, ya juya ga Bube.

"Bube, shekara sha ɗaya kana gyara muna magana, na gode. Amma yau da ka bar ta taz zo da dattinta, da na samu sallar jana'izatai."

Bube ya sunkuyar da kai. Ya tsuguna a gefen tabarma, laka tana bushewa a ƙafarsa, har aka watse bai ɗaga kai ba.

Bayan sadakar bakwai ya kira kwamiti da kansa. Babu sakace, babu kaɗa ƙafa. Ya ce a kawo wadda ta fi sauƙi, mai ɗaukar murya don waɗanda ba su yi boko ba, mai tafiya ko sabis ɗigo ɗaya ne, mai hawa wayar talaka. Ya ce a yi zaure ɗaya na sanarwa, a sa mutum uku-uku daga kowane ƙauye, in wayar ɗaya ta mutu ta biyu ta ji. Cikin rabin awa ya gama aikin da ya hana mu yi wata bakwai, kuma tsarin nan nasa shi muke bi har gobe. Da ya ƙare ya ajiye makullin babur a gaban Alhaji Garba. Mu kuma, masu karamci, muka yi masa walimar sallama da lemo da agogon bango, mutumin da ba shi da sauran inda zai makara.

Bai taɓa shiga zauren ba, bai ma sayi babbar waya ba. Amma kullum da safe sai ya zo ya zauna a bencin ƙofar ofis, cikin kakinsa. Abin ya riƙa cin raina, har na fara ƙirƙiro masa aike. In rubuta 'yar takarda in ce a kai Dingyadi. Ya karɓa, ya juya ta, ya dube ni.

"Wanga saƙo ya riga ni isa, ko?"

"Awo."

"To bari in tahi dai in gaishe su."

Damina biyu ya yi a kan bencin nan. Ranar da ya cika, da hantsi ne. Na danna wayar na fara sanarwa, sai a karo na uku na iya kaiwa ƙarshe. Ban gyara komai ba, na ce Bube ya rasu, jana'iza ƙarfe biyu. Kafin a gama yi masa wanka mutanen Kajiji sun iso, mota biyu cike. Malam Sambo ne ya fara saukowa, ya tsaya a sahun gaba, kuma shi ya kama makara ta wajen kai bai yarda an karɓe shi ba har bakin kabari.

Allah Ya jiƙan Bube, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka yi masa. Yadda ya rufa asirin 'yan'uwa biyu yana wanke musu magana, Allah Ya wanke nasa kurakuran, Ya sa ya huta. Amin.