Jinin Da Na Yi Wa Kaina Da Soɓorodo

Ina da shekara goma sha huɗu, muna lakol, wato makarantar boko, a Agiye, na ga wani ɗan tabo a bayan zanen ƙawata sa'ad da ta miƙe za ta goge allo. 'Yan mata suka rufe ta da hijabi suna dariya ƙasa-ƙasa, suna ce mata ta girma. Ni kuwa sha'awa ta kama ni. Lokacin ni yarinya ce mai yawan mafarki, littattafan soyayya da nake saye a kasuwa sun cika mini kai. A cikinsu kowace amarya tana haihuwa kafin shafin ƙarshe, don haka ban taɓa zaton nawa labarin zai bambanta ba.

Na jira nawa har shekara uku, bai zo ba. Innata ta fara kallona tana tambaya ko akwai abin da nake ɓoye mata. Na saci jiki na tafi wani ɗakin shan magani ni kaɗai. Ma'aikacin ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Ya tambaye ni ina mijina, na ce ba ni da aure. Ya yi dariya, ya ce 'yan matan yanzu gaggawa gare su, in je in yi aure, abin zai zo da kansa. Ya kira na bayana tun ban rufe baki ba. Na fito kunya kamar ta kashe ni.

Ranar na fara ƙaryar da ta bi ni shekara bakwai. Na jiƙa soɓorodo, na tsoma tsumma a ciki, na wanke shi sama-sama, na shanya inda Inna za ta gani. Ta yi hamdala, ta dafa mini kaza. Daga nan duk wata sai in zaɓi kwana biyar in daina salla, don kada a gane. Da azumi ma nakan sha ruwa da rana, alhali tsarkina ƙalau. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau.

Na auri wanda nake so, wani tela ɗan Gidan Rumji mai sanyin magana, wanda yake kirana tauraruwa kamar a littafi. Zaman aure ya zo mini da zafi ƙwarai. Da na kai kuka wurin wata ungozoma, ta ce kowace amarya haka take, in daina shagwaɓa in yi haƙuri. Na ci gaba da shanya tsummana. Duk wata in na ce masa ina fashin salla, sai fuskarsa ta faɗi, sannan ya yi murmushi ya ce kada in damu, wata mai zuwa na Allah ne. Ashe shi a ransa ya ɗauka laifin daga gare shi yake, saboda wata cuta da ya yi yana yaro. Ya shiga shan sassaƙe da jiƙe-jiƙe a ɓoye, har cikinsa ya lalace, ya rame, ya kasa taka keken ɗinki. Ina ganinsa yana amai, ina riƙe masa buta, na ci gaba da ɓoye masa gaskiya.

Da ya ɗan warware, shi ya matsa muka tafi Maraɗi aka yi mini hoton ciki. Likitan ya daɗe yana duba na'urar, sannan ya juya wajen mijina, ba wajena ba, ya gaya masa cewa matarsa ba a halicce ta da mahaifa ba, kuma ba yadda za a yi ta taɓa ganin al'ada. Mijina ya ce a sake dubawa, ai ko makon jiya tana yi. Likitan ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Da muka isa gida ya ce halittar Allah ba ta dame shi ba, zai zauna da ni haka. Amma ya tambaye ni yadda na iya kallonsa yana shan ɗacin nan. Bai kore ni ba, ni na kasa haɗa ido da shi, na roƙe shi takardata har ya gaji ya ba ni.

Yanzu na san rashin mahaifa ba laifina ba ne, kuma da ma'aikacin nan ya saurare ni minti biyar, da na sani tun ina budurwa. Amma ƙaryar tawa ce. 'Yan'uwana mata, in jikinku ya saɓa da na sauran, ku koma ku sake komawa har a duba ku, ko an yi muku dariya. Iyaye kuma ku tambayi 'ya'yanku da taushi. Ni har yanzu ina rama salloli da azumi.

Bara na ga tsohon mijin nawa a kasuwar Gazawa, ya yi furfura, yana zaɓar atamfa, da 'yar yarinya saɓe a kafaɗa. Ya gaishe ni da mutunci, ya ce wa ɗiyar ta gaida gwaggo. Da mai fura ta miƙo masa ludayi ya girgiza kai, ya ce har yau cikinsa ba ya ɗaukar tsami.