Akwatin Ɗumamen Inna

Shekarar da aka yi wa Inna aikin ido, likita ya hana ta kusantar hayaƙi. Ga shi kuma tana da ciwon suga, in ta sha maganin safe dole ta sa wani abu a cikinta. Inna kuwa tun tasowarmu ba ta san wani karin kumallo ba in ba ɗumamen tuwo ba. Koko ba ya riƙe ta, burodi kuma ta ce abincin matafiya ne. A gidanmu na Gwandu take zaune tare da yayana da matarsa. Matar malamar firamare ce a Dalijan, tana fita tun rana ba ta ɗaga ba, don haka babu mai hura wa Inna wuta da hantsi.

Ni a lokacin ina aikin jinya a Kalgo. A gidan wata abokiyar aikina, 'yar ƙasar Zuru, na ga maikirowef, wannan akwatin lantarkin da ke ɗumama abinci ba wuta ba hayaƙi. Ta nuna mini yadda ake yi, ta ce in kiyaye abu biyu: kar a sa kwanon ƙarfe a ciki, kar kuma a toshe masa hujojin da yake shan iska. Na sayi sabo fil, na kai Gwandu da kaina. Na ɗora shi kan tebur a barandar Inna, kusa da soket ɗin bango, na ja shi nesa da bangon yadda hannu zai shige ta baya da gefe. Na ɗiga jan farce a kan madannin da za ta riƙa dannawa, tunda ganinta bai gama dawowa ba. Unguwarmu tana samun wutar lantarki da safe yawancin ranaku, shi ya sa na ga abin zai yi. Inna ta gwada, tuwo ya fito yana tururi, ta yi dariya ta raɗa masa suna akwatin ɗumame. Na koma Kalgo hankalina kwance.

Ba a daɗe ba Yaya ya kira ni.

"Wanga abu da kinka kawo jabu ne," ya ce. "Yana farawa sai ya mutu. An cuce ki."

Na tambaye shi ko wuta ce ba ta da ƙarfi, ko ƙofar ce ba ta rufuwa sosai. Ya ce shi ba yaro ba ne da zan riƙa yi masa tambayoyi, ya kashe waya. Na kira Inna, ta ce lafiya lau, kar in damu. Na yarda da ita.

A wajen wani suna a Kalgo na ji sauran labarin. Wata gwaggonmu ta ja ni gefe, cikin mutane, ta ce bai dace ba ina cin albashi in sayo wa mahaifiyata kayan gwanjo. Wai duk dangi sun ji. Ban iya cin abincin sunan nan ba. Ranar Asabar na hau mota, na canza wata a Birnin Kebbi, na isa Gwandu da hantsi ba tare da na sanar da kowa ba.

Na tarar da Inna a kan tabarma, da malmalar tuwon jiya a gabanta, sanyi ƙalau. Miyar kukar ta daskare, mai ya yi fari a samanta. Tana gutsura tana turawa da ruwa. Teburin barandar kuwa babu komai a kai sai buta.

"Inna, ina akwatin?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana falon yayanki. Ya ce nan yara na iya ɓata shi."

Babu yara a gidan nan in ba na maƙwabta ba. Na nufi falon. Yaya ya sa kafinta ya ƙera masa kabad mai ƙofar gilashi, daidai girman akwatin, ba ko wurin zura yatsa. An shimfiɗa masa farin leshi, an aza furen roba a kai, an ajiye shi gefen talabijin inda duk baƙon da ya shigo zai gani. A jikin ƙofar gilashin kuma ga kwaɗo a kulle. Makullin yana aljihun Yaya, Yaya yana gonarsa a hanyar Malisa.

Na zauna a kujerar falon. Na yi tunanin ɗauko taɓarya in fasa gilashin, sai dai na san Inna ce za ta sha baƙin cikin. Na jira shi.

Ya dawo bayan azahar. Ko gaisuwa ban tsaya mun gama ba na ce ya buɗe.

"Madalla da kinka zo," ya ce, yana laluben makulli. "Ki gani da idonki."

Ya sa kofin ruwa, ya danna. Fitila ta kama, faifan ciki ya fara juyawa, can sai ɗif, komai ya ɗauke. Ya juyo yana kallona kamar wanda ya ci shari'a. Na ɗora hannu a jikin akwatin, na janye da sauri, zafi kamar dutsen guga. Na zare filogi, na sa tsumma na jawo shi waje. A nan na ga abin da ya fi kabad ɗin muni. Duk hujojin gefe da na baya an liƙe su da salatif, layi bisa layi.

"Yaya, mi ne ne wannan?"

"Kyankyasai. In sun shiga ciki ke za ki fidda su?"

Na leƙa bayan kabad ɗin. Ya jona akwatin da firiji da talabijin duk a kan 'yar wayar ƙari guda ɗaya, bakinta ya narke ya yi baƙi, tana warin roba. Ƙasanta kafet ne, labule kuma yana taɓa ta.

Ban taɓa ɗaga wa Yaya murya ba sai ranar. Na ce masa abin nan ba mutuwa yake ba, kashe kansa yake in zafi ya yi masa yawa, kuma da bai kashe kansa ba da tuni falon nan ya kama wuta da Inna ita kaɗai a gida. Na ce ya toshe wa abu hanci da baki, sannan ya bi dangi yana cewa na sayo gwanjo. Na ce ko da yana aiki lafiya, me Inna za ta ci da shi alhali makulli yana gona?

"Ke, ki iya bakinki," ya ce. "Gidana kike."

"Gidan Baba nike. Kuma ba kai na sayo wa ba."

Na rungumi akwatin, da nauyinsa da sauran zafinsa, na fito da shi. Inna tana bakin ƙofa tana cewa, "Ku bari, don Allah ku bari, maƙwabta na ji." Na ce su ji.

Na mayar da shi kan teburinsa. Na ɓare salatif ɗin ɗaya bayan ɗaya, na goge danƙon da ya bari, na ja teburin nesa da bango, na bar samansa babu komai. Na jira ya huce sarai, sannan na jona shi a soket ɗin bango shi kaɗai. Na sa kofin ruwa. Ya yi ta juyawa har ruwan ya tafasa, bai ɗauke ba. Na juye tuwon Inna a kwanon tangaran, na yayyafa ruwa, na rufe, na sa. Yaya yana tsaye daga nesa, hannu a baya. Da tuwon ya fito da tururinsa, sai ya ce, "Sa'a ce," ya shige ɗaki.

Da na durƙusa na ajiye wa Inna kwanon ne na kalli fuskarta da kyau a cikin haske. Idon da aka yi wa aiki ya yi ja, yana ruwa, gefensa ya kumbura.

"Inna, kin hura wuta?"

Ta ce, "Wasu ranaku. In sanyin tuwon ya gagare ni." Ta kama hannuna. "Auta, kar ki gaya wa yayanki. Shi gani yake gyara ya yi."

Na gaya masa. Na tsaya a ƙofar ɗakinsa na faɗa da ƙarfi yadda ba zai ce bai ji ba. Bai fito ba. Matarsa da ta dawo daga unguwa ta ji abin da ya faru, ta zauna ta yi kuka, ta ce ta yi masa magana a kan kwaɗon nan har ta gaji.

Ranar Litinin na ɗauki Inna zuwa wurin likitan ido a Birnin Kebbi. Yaya bai raka mu ba, sai dai ya aiko da mai mota har ƙofar gida. Tun daga Gwandu Inna take roƙona kar in ambaci ɗanta a gaban likita. Da likitan ya haska idon, ya ɗago ya tambaya wa ya bar ta kusa da murhu bayan ya hana. Inna ta matse mini yatsu. Na ce masa hayaƙi ne dai ya same ta, ba zai ƙara samunta ba. Ya rubuta magani, ya ce mu dawo ya sake dubawa, don bai ji daɗin yadda idon yake ba. A hanyar komawa Inna ta yi barci a kafaɗata, ni kuwa har muka shiga gari haƙorana a cije suke.