Matajina guda ɗaya

Ina zare wa Nafisa ɗankwali sai hannuna ya tsaya cak. Yarinya 'yar shekara biyar, makero ya cinye mata tsakiyar kai, wurin yana tsatstsafar ruwa, an lafta masa baƙin man inji.

Kitso ne sana'ata. Daga Gusau nake zuwa gidansu a Wonaka duk wata, in yi wa kowa.

Na ce wa kakarta, "Inna, wannan ai sai asibiti."

Ta miƙo mini faratanta, sun yi baƙi sun dagargaje. Ta ce, "Ɗiyata, asibitin me? Dubi nawa. Uwarta ga kyasbi har wuya. Jininmu ne, ƙannen Nafisa biyu ma ya fito musu."

Ƙannen nan biyu ni na taje musu kai wancan zuwan, bayan na gama da Nafisa, lokacin ɗan tabo ne kawai a kanta. Mataji ɗaya, ko ruwa ban sa masa ba.

Na kasa gaya wa Inna. Washegari na kai yaran asibiti, aka ce ta mataji ma ana ɗaukar makero, kuma gashin Nafisa da wuya ya dawo.

'Yan'uwana masu kitso da wanzamai, tsakani da Allah, yaushe rabonku da wanke kayan aiki?